Baba ya ce tattalin arziki, ni kuwa raina na wajen ƙwarin gona

Assalamu alaikum Anti. Ni ɗaliba ce a tsangayar aikin gona ta wata jami'a a nan Arewa, ina gab da gama aji huɗu, shekarar da muke yini a gona. An raba mana takardar zaɓen sashen da za mu ƙware a kai a aji biyar. Tun da damina ta faɗi raina ya kwanta da sashen kare amfanin gona daga ƙwari da cututtuka, sai dai a darussansu C na fi samu, alhali a tattalin arzikin noma A da B nake ci. CGPA ɗina, wato matsakaicin makina na duk shekarun, 3.42 ne, kuma ina so in fita da tu-wan, darajar digiri da ke bin ta ɗaya. Baba ɗan kasuwar hatsi ne. Ya ce tattalin arziki zan yi, don da shi ake samun aikin banki, kuma ba ya son 'yarsa tana yawo a ƙauyuka da injin feshi a baya. Ƙawayena ma duk tattalin arziki za su. Na rasa yadda zan yi.

'Yarki, daga Kano

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, 'yata. Allah ya yi miki albarka da kika tsaya neman shawara kafin ki sa hannu a takardar nan, don da yawa cikin 'yan ajinku a bakin ƙofar ofis za su yanke hukunci, su leƙa abin da na kusa da su ya rubuta su kwafa.

Ba zan ɓoye miki matsayata ba. Da 'yar cikina ce ke, sashen kare amfanin gona zan ce ki shiga. Amma da sharaɗi biyu, lissafin maki da yardar Baba, kuma ba na ɗaukar ko ɗaya cikinsu da wasa.

Maganar ƙawaye mu gama da ita tun yanzu. Shekara ɗaya ta rage muku tare, ranar da aka raba takardar bautar ƙasa kowa jiharta daban. Za ku ci gaba da haɗuwa a ɗakin kwana da masallaci ko da sashenku ya bambanta. Wannan ba dalilin zaɓen fanni ba ne.

Yanzu ki fahimci girman abin da ake tambayarki, don kada ki ɗora wa kanki nauyin da ya fi shi. Digirin noma da gangan aka haɗa shi da fannoni da yawa. Kin karanta ƙasar noma, kin karanta tsirrai, dabbobi, ƙwari, lissafin riba da faɗuwa, da yadda ake zama da manomi a fahimtar da shi. Shekara huɗu kowa abu ɗaya ya koya, kuma wannan ilimin babu mai ƙwace miki shi ko wane sashe kika shiga. Abin da aji biyar zai yanke abu uku ne: a kan me za ki rubuta kundinki na binciken kammala digiri, waɗanne malamai ne za su san ki har su iya rubuta miki takardar shaida, da kuma ƙofar da za ta fi saurin buɗe miki idan kin nemi digiri na biyu. Abubuwa ne masu nauyi, amma ba su kai a ce rayuwarki gaba ɗaya ta rataya a kansu ba.

Babban dalilina na karkata ga kare amfanin gona shi ne wannan. Akwai ilimin da mutum zai iya nema bayan ya bar jami'a, akwai wanda da wuya ya sake samun inda zai koye shi. Tattalin arziki da harkar kasuwanci suna cikin na farko. Ke da kike cin A a ciki, kuma kika tashi a gidan ɗan kasuwar hatsi, ko bayan shekara biyar kika so, akwai difloma ta bayan digiri, akwai digiri na biyu a fannin kasuwanci, har na ƙarshen mako ana yi, ga littattafai ga intanet. Amma a ɗora miki ganyen da ya kamu a ƙarƙashin madubin ɗakin gwaje-gwaje, a nuna miki bambancin cutar fumfuna da ta ƙwayar bairos, a koya miki yadda ake renon ƙwaro a kwalba a ƙirga ƙwansa, a tsaya a kanki har hannunki ya faɗa, wannan sai inda akwai ɗakin gwaji da malami da gonar gwaji a wuri ɗaya. Wanda ya fito daga kare amfanin gona yana iya tsallakawa zuwa kasuwanci ko wayar da kan manoma ba tare da wahala mai yawa ba. Tsallakawa daga can zuwa nan ta fi tsada. Saboda haka shekarar nan guda da ta rage miki, na fi son ki kashe ta a kan abin da jami'a kaɗai za ta iya ba ki.

Kin ce tun da damina ta faɗi ranki ya kwanta da fannin, kuma ina jin na san abin da kika gani. Masara ta kai gwiwa, kore shar, sai ki tarar da ganyenta duk huji, ki buɗe tsakiyar kan inda sabon ganye ke fitowa ki ga kashi jiƙe-jiƙe kamar dusa, a ƙarƙashinsa tsutsa ta naɗe tana ci. Idan kika ɗaga ta za ki ga alamar harafin Y a kife a goshinta, da ɗige huɗu baƙaƙe kusa da wutsiya. Wannan tsutsar 'yar nahiyar Amurka ce, sai a 2016 aka fara tabbatar da ɓullarta a Afirka, kuma Najeriya na cikin ƙasashen farko. Manomin da bai san halinta ba sai ya yi feshi da tsakar rana a saman ganye, ita kuwa tana can cikin kan masarar a ɓoye, kuɗin magani ya tafi a banza. Wanda ya sani zai zagaya gonarsa tun masara na ƙarama, ya yi feshi da sassafe ko da yamma, ya saita bakin injin cikin kan. Tsakanin manoman nan biyu babu abin da ya raba su sai mutum ɗaya mai ilimin da kike son nema.

A wannan shekarar ta 2016 ce kuma ƙwaron tumatir da manoma ke kira sharon ya share gonaki a Kano da Kaduna da Katsina, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, kwando ya yi tsadar da matan gida ba su manta ba. Duk wanda ya san Kadawa da Kura da Garun Malam ya san abin da ya sami masu noman rani a lokacin. Tsutsar sharon cikin naman ganye take shiga ta yi rami, shi ya sa magani ba ya saurin kai mata, kuma tana saurin sabawa da maganin da aka yi ta maimaita mata. Har yau takan dawo idan zafi ya shigo. Ƙara da ciyawar wuta-wuta a gonar dawa da gero, da tsuntsayen jan-baki a kan shinkafa da alkama. Ko dalar gyadar Kano, cikin abubuwan da suka rushe ta akwai annobar cutar gyada ta 1975 wadda ƙananan ƙwari ke yaɗawa. Aikin da ke gaban masu wannan fanni ba mai ƙarewa ba ne.

Kuma kada ki ɗauka shiga sashen nan rabuwa ce da sauran abin da kika koya. Dubi irin waken nan SAMPEA 20-T da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar a 2019, wanda tsutsar da ke huda furen wake da kwansonsa ba ta iya cinsa. Masu kyautata iri sun yi aiki a kansa, masana ƙwari sun gwada shi a gona, masu tattalin arziki sun lissafa abin da manomi zai rage na kuɗin feshi, malaman gona suka kai shi ƙauye. Akwai masu adawa da irin da aka sauya wa ƙwayar halitta kamar wannan waken, muhawarar kuma ba ta mutu ba, amma ni na fi son a samu 'ya'yanmu da za su shige ta da ilimi maimakon jita-jitar WhatsApp. Abin da nake nuna miki shi ne a wurin aiki duk sassan nan a gona ɗaya suke haɗuwa, kuma masaniyar ƙwari da ta iya lissafin riba ta fi wadda ba ta iya ba daraja nesa ba kusa ba. A ɗin da kike ci a tattalin arziki ba za ta tafi a banza ba.

Batun aiki kuwa ba zan yi miki alkawarin da ba ni da ikon cikawa ba. Babu sashen da ke raba takardar ɗaukar aiki ranar yaye ɗalibai. Wuraren da ke buƙatar masu wannan fanni dai sanannu ne: cibiyar Samaru wadda tushenta ya faro tun 1922, cibiyar binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri mai kula da gero da alkama, ta Badeggi mai kula da shinkafa, ofisoshin cibiyoyin binciken noma na ƙasa da ƙasa IITA da ICRISAT da ke Kano, Cibiyar Noman Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero, hukumar NAQS mai duba amfanin gonar da ke shiga da fita ƙasa, hukumomin raya aikin gona na jihohi irin su KNARDA, sai kamfanonin iri da na magungunan gona. Guraben gwamnati kaɗan ne, masu nema da yawa. Abin da ya fi kwantar min da hankali shi ne sana'a ce da mutum zai iya tsayawa da ƙafarsa a kanta. Shagunan maganin feshi sun cika kasuwanninmu, kuma sau da yawa mai shagon bai taɓa ganin gonar da ake sayen maganin dominta ba, manomi ya kwatanta masa da baki, shi kuma ya miƙa masa kwalbar da ta fi riba. Wadda za a kawo mata ganye a leda ta duba ta faɗi ainihin cutar, ta ce murfi kaza a injin feshi ɗaya, kwana kaza kafin a girbe, manoma da kansu za su yi mata talla.

To, maki. A nan ne nake so ki ajiye son rai ki ɗauki biro. Tu-wan daga 3.50 take farawa. A ce kin riga kin ɗauki kiredit 140, wato jimillar nauyin kwasa-kwasanki, saura 35 a aji biyar, naki adadin yana iya bambanta, ki duba takardunki. Ki ninka 3.50 da 175, ya ba ki 612.5. Ki ninka 3.42 da 140, ya ba ki 478.8. Bambancinsu 133.7 ne, idan kika raba shi da 35 za ki sami 3.82. Ma'ana, tunda B maki huɗu ce C kuma uku, kina buƙatar B a kusan komai, da sararin C a kwas biyu kacal masu kiredit uku-uku, sai fa idan kin ci A a wani wuri ta cike giɓin. Kundi kuma galibi ya fi kowane kwas nauyin kiredit, kuma shi ne inda ɗalibar da ke son aikinta ta fi samun damar cin A. Abu ne mai yiwuwa, amma ba ga mai sakaci ba.

Tambayar da ta rage ita ce daga ina C ɗin nan suka fito. Idan haddar sunayen ƙwari na Latin ce ta kayar da ke a aji biyu da aji uku, a aji mai ɗalibai ɗaruruwa, kafin ki taɓa ganin ƙwarin da idonki, to wannan yana gyaruwa, don sunan abin da ka riƙe a hannu ba ya wuyar zama a kai, kuma sashen nan yawanci ɗalibansa kaɗan ne, malami zai san fuskarki. Idan kuwa asalin kimiyyar ce ba ta shiga, sinadarai da yadda ƙwayoyin cuta ke rayuwa, to aji biyar ƙara zurfi zai yi, ba sauƙi ba. Ke kaɗai kika san wanne ne, amma akwai hanyar gwadawa. Ki nemi tsofaffin takardun jarrabawar aji biyar na sassan biyu. Ki shiga ɗakin karatu na sashe ki ɗauko kundi biyu ko uku na waɗanda suka gabace ku ki karanta har ƙarshe. Sannan ki roƙi ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ya bar ki ki yini da shi, ki ga wankin kwalabe, da ƙirgar ƙwai ɗaya bayan ɗaya, da jiran sati biyu kafin abin da aka shuka a faranti ya tsiro. Gani ya kori ji. Sha'awar da aka yi a gona da damina daban, zaman ɗakin gwaji da zafin Afrilu daban. Idan kin fito kina jin za ki iya komawa gobe, magana ta ƙare. Idan kin fito kina Allah-Allah ki bar wurin, ki bi Baba da zuciya ɗaya, ba ki yi asarar komai ba.

Shi kuwa Baba, kada ki kuskura ki ɗauki maganarsa a matsayin ta wanda bai san boko ba. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Tsoronsa biyu ne kuma duka suna da tushe. Hanyoyin ƙauyuka da yawa a yau ba su da aminci, uban da ya ce ba ya son 'yarsa a can bai yi laifi ba. Maganin feshi kuma guba ne, yana shiga ta fata da numfashi, mace mai ciki ko mai shayarwa ba ta da hurumin kusantarsa. Abin da za a fahimtar da shi shi ne mai digiri a wannan fanni ba ita ke goya injin feshi ba. Aikinta ganowa ne, da gwaji, da koyarwa, kuma babban ɓangarensa a ɗakin gwaje-gwaje da sito da ofis ake yin sa. Hasali ma rage yawan feshin na cikin abin da ake koya mata.

Game da banki, gaskiyar ita ce bankuna kan ɗauki masu digiri daga kowane fanni, har masu tarihi da kimiyyar sinadarai. Abin da suka fi dubawa darajar digiri ce, da shekarun haihuwa, da jarrabawar da suke yi wa masu nema. Don haka sunan sashe ba shi ne mabuɗin ba, tu-wan ɗin ce, shi ya sa na tsananta miki a kan lissafin can.

Sannan ki shigo masa ta ƙofar da ya fi kowa sani. Ɗan kasuwar hatsi ba ya buƙatar a gaya masa abin da ƙwaro ke yi wa buhun wake tsakanin kaka da bazara: a zuba shi fari tas, a buɗe bayan wata uku a tarar da huji da gari, farashi ya faɗi. Ya san masu yayyafa fiya-fiya a kan wake don gudun wannan asara, ya san masu jefa ƙwayar maganin sito a ɗakin da mutane ke kwana. Saboda ragowar irin wannan magani ne Tarayyar Turai ta dakatar da sayen busasshen waken Najeriya a 2015. Wataƙila ya san buhun PICS da Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, mai leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda idan aka ɗaure kowanne da kyau ƙwaro ke mutuwa don rashin iska ba tare da ɗigon magani ba. Ya san gyada da masarar da ake ƙi saboda gubar fumfuna. Duk wannan fannin kare amfanin gona ne. Ki ce masa, Baba, ina so in yi kundina a kan ƙwarin sito, in gwada hanyoyin adana wake in lissafa wadda ta fi riba, kuma daga shagonka zan ɗebi samfur. A cikin gari za ki yi shi, babu daji babu injin feshi, ga ƙwari ga tattalin arziki a kundi ɗaya. Akwai kuma abin da ke kike iyawa wanda malamin gona namiji ba ya iyawa: shiga cikin gida wurin mata, inda ake sussuka da shanya da ajiyar abincin shekara.

Kada ki tare shi da gardama, kuma kada ki cike takarda a ɓoye ki zo masa da labari daga baya. Ki fara da Umma, ko wani baffa ko kawu da yake jin maganarsa. Ki zaɓi lokacin da ya huta, ki zo da lissafin makinki a rubuce, ɗan kasuwa yana girmama wanda ya zo masa da lissafi. Ki yi istihara kafin nan. Idan bayan duk wannan ya tsaya a kan bakansa, shawarata ki bi shi, ba tare da ɗaure fuska ba. Ki shiga tattalin arziki, ki yi kundinki a kan asarar da ƙwari ke jawo wa 'yan kasuwar hatsi, ki riƙe zumunci da malaman ɗaya sashen, ki ɗauki kwas ɗinsu cikin na zaɓi idan tsarinku ya bari. Hanyar ta ɗan ƙara tsawo, wataƙila sai kin bi ta difloma kafin digiri na biyu, amma ba ta toshe ba.

Abu biyu kafin ki miƙa takarda. Na farko, ki binciki malaman da za su iya duba kundinki, don a aji biyar mai duba aiki ya kan fi sunan sashe tasiri a rayuwar ɗalibi. Ki tambayi 'yan aji biyar na bana, ba mutum ɗaya ba: wa ke zama a ofis, wa ke karanta abin da aka kai masa ya dawo da shi da gyara cikin lokaci, wa ke da aikin bincike a hannu wanda ɗalibi zai iya raɓa ya rage kashe kuɗi, ɗaliban wa suka gama a kan kari. Ki je ki gaida wanda aka fi yabo, ki gaya masa abin da kike son yi tun kafin a raba ɗalibai. Na biyu, a tsangayoyi da yawa ba zaɓin ɗalibi kaɗai ake bi ba, akwai adadin da kowane sashe zai ɗauka, wani lokaci da maki ake rabawa. Saboda haka gurbin zaɓi na biyu ba na cikewa da ka ba ne. Idan kare amfanin gona ne na farko, ki tambayi malamin da ke kula da ajinku yadda ake rabon a wurinku, sannan ki sa tattalin arziki a na biyu, tunda kin san za ki iya shi kuma Baba zai yi farin ciki da shi.

Allah ya zaɓa miki mafi alheri, ya sa albarka a karatun. Ki gaishe min da Umma.